Bidiyo a asibiti: abin da yake koya wa maras lafiya da inda ƙarfinsa ya tsaya

Bidiyon ilimantar da maras lafiya ɗan gajeren fim ne da ake shiryawa takanas domin a fahimtar da mutum ciwon da ke damunsa, ko yadda zai sha maganinsa, ko abin da za a yi masa a ɗakin tiyata, ko kuma yadda zai kare kansa da iyalinsa daga wata cuta. Wani lokaci mutane ne na gaske a ciki, wani lokaci zane ne mai motsi. Ana nuna shi a talabijin ɗin ɗakin jira, ko a wayar ma'aikacin lafiya, ko a bangon wani gida a ƙauye da ƴar na'urar majigi, ko a turo wa mutum shi ta WhatsApp ya kalla a gida. Tsawonsa kan kama daga minti biyu zuwa rabin awa.

Shin yana aiki? Binciken da aka tara a ƙasashe da dama ya nuna cewa bidiyo na ƙara wa mutum sani cikin sauƙi, yana kuma rage masa fargaba. Sauya ɗabi'a ya fi haka wuya. Abin da ya fi kowanne wuya shi ne a nuna cewa lafiyar kanta ta gyaru saboda kallon da aka yi. Tasirin ya danganta ne ƙwarai da irin bidiyon, da harshen da aka yi shi, da kuma ko akwai wani mutum a gefe da za a yi wa tambaya bayan an gama kallo.

Me ya kawo buƙatarsa

Maras lafiya ba ya riƙe abin da aka gaya masa. Wannan ba laifin jahilci ba ne, domin haka abin yake har a ƙasashen da kowa ya yi karatu. A shekarar 2003 wani masanin ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Roy Kessels, ya tattara binciken da aka yi a kan wannan, ya nuna cewa kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na bayanin da likita ya yi, maras lafiya kan manta shi nan take, kuma kusan rabin abin da ya riƙe ɗin ma ba daidai ya riƙe shi ba. Jiki na ciwo, hankali a tashe, ga layi a baya ana jira. Mutum ya ce "to, na gane", ya fito, kafin ya kai bakin ƙofa ya fara tambayar kansa ko sau biyu aka ce ko sau uku.

A Turai da Amurka takarda ce ke cike wannan giɓi: a ba mutum rubutaccen bayani ya je gida ya karanta. A Nijar wannan hanya ba ta kai ga yawancin jama'a. Manyan da suka iya karatu da rubutun boko ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, mata kuma sun fi maza baya. Takardar sayen magani da faransanci ake rubuta ta, haka takardar da ke cikin kwalin maganin. Ma'aikacin CSI da ke ganin yara tun safe har la'asar a lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari, ba shi da minti goma da zai ba kowace uwa. Bidiyo kuwa ba ya gajiya, ba ya tsallake wani bayani don yamma ta yi, kuma abin da ya faɗa wa ta farko shi zai faɗa wa ta ɗari.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1920 da 1930 wani jami'in tsabta na mulkin mallakar Ingila, William Sellers, ya riƙa nuna finafinan yaƙi da annoba a Legas, daga baya motocin silima suka shiga zagaya garuruwan arewacin Najeriya da finafinan tsabta da noma, abin da Hausawa suka sa wa suna majigi. Nijar ma tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada koyarwa ta talabijin a makarantun firamare, tun 1964. Abin da ya sauya a yau shi ne kuɗi da nauyi: na'urar da a da sai mota ta ɗauko ta, yanzu tana shiga aljihu.

Abin da bincike ya gano

Wajen ƙara sani, shaida tana da yawa, kuma akwai wadda ta fito daga wuri mai kama da namu. A Gambiya, masu bincike a ƙarƙashin jagorancin Muhammed Afolabi sun gwada hanyoyi biyu na yi wa mutane bayani kafin su amince su shiga wani gwajin maganin zazzaɓin cizon sauro. Kashi ɗaya aka yi musu bayani da baki kamar yadda aka saba, kashi na biyu aka nuna musu bidiyo a harsunansu, Mandinka da Fulatanci da Wolof. Mutum 311 suka shiga. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna waɗanda suka kalli bidiyon sun fi fahimta a ranar, kuma sun ci gaba da fin sauran riƙe bayanin har makonni bayan haka. A Ingila ma, wani gwaji na 2010 a kan mutum 110 da za a yi wa tiyata ya gano cewa waɗanda aka nuna wa ɗan fim na yadda za a kashe musu sashen jiki da allura sun shiga ɗakin aikin da ƙarancin tsoro.

Sai dai sanin abu daban, aikata shi daban. Mai shan taba nawa ne bai san tana cutarwa ba? A 2014 masu bincike a jami'ar Kalifoniya sun duba gwaje-gwaje 28 da suka shafi mutum sama da 12,000. Suka tarar bidiyo ya taimaka wajen sa mutane yin gwajin ƙanjamau, da sa mata duba nononsu da kansu don gano kansa da wuri, da kula da kai ga masu ciwon zuciya, da bin ƙa'idar shan magani. Amma a kan shaye-shaye bai yi wani abin kirki ba, musamman idan bidiyo ɗaya ne aka nuna wa kowa da kowa ba tare da la'akari da halin mai kallo ba.

A wannan shekarar dai, wata tawaga a jami'ar Göttingen ta Jamus ta yi wani nazari wanda a ganina ya fi amfani ga mai son shirya irin wannan fim. Sun ɗauki gwaje-gwaje 20, suka raba bidiyoyin gida uku: wanda likita ke tsaye yana jawabi ko ake nuna rubutu da zane, wanda ake ganin mutum yana aikata abin da hannunsa, da wanda maras lafiya ke ba da labarin kansa. Rabin gwaje-gwajen ne kawai suka nuna an samu sauyin ɗabi'a. Bidiyon jawabi zalla shi ne ya fi rauni. Wanda ake ganin mutane na gaske suna yin abin ya fi tasiri. Abin takaici, nau'in farkon ne ya fi sauƙin ɗauka, shi ya sa ya fi yawa: a zaunar da babban likita da farar riga gaban kyamara, ya yi minti goma sha biyar yana magana rabi Hausa rabi faransanci, a ce an wayar da kan jama'a.

Gwaje-gwajen da suka auna lafiyar kanta kaɗan ne, amma biyu sun yi fice. Na farko a birnin Birmingham na jihar Alabama a Amurka, an wallafa shi a 2011. An ɗauki baƙaƙen fata 299 masu hawan jini, yawancinsu talakawa. Rabinsu aka ba faifan da wasu marasa lafiya ƴan garin, masu irin maganarsu da irin rayuwarsu, ke ba da labarin yadda suke fama da ciwon, yadda suke rage gishiri, yadda suke tuna shan magani. Sauran aka ba faifan wasu batutuwan lafiya dabam. Bayan wata uku, a cikin waɗanda jininsu bai daidaita ba tun farko, masu kallon labaran sun fi sauran sauƙar jini da milimita 11, wato kusan maki ɗaya a irin lissafin da muka saba ji a asibitocinmu, kamar 16 ta koma 15. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, akwai ƙwayar maganin da ba ta wuce haka ba.

Na biyu shi ne fim na minti 23 da aka riƙa kunnawa a ɗakunan jira na asibitocin cututtukan sanyi a birane uku na Amurka. An bi bayanan mutum sama da 38,000. Cikin waɗanda suka zo a makonnin da ake nuna fim ɗin, kashi 4.9 cikin 100 ne suka sake kamuwa da wata cutar daga baya. Cikin waɗanda suka zo a makonnin da ba a nuna ba, kashi 5.7. Bambancin ƙarami ne ga mutum ɗaya. Amma fim ɗin bai ci lokacin kowane ma'aikaci ba, mutanen kuma dama zaune suke suna jira.

Gwajin jahar Maraɗi

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a samu misali. Tun a 2012 aka wallafa wani ɗan gwaji da Julia Bello-Bravo ta shirin SAWBO da masanin ƙwari Ibrahim Baoua suka yi a Maraɗi da kewaye, inda suka nuna wa mutane zane mai motsi guda uku a waya, ɗaya kan rigakafin kwalara, sauran kan kare amfanin gona daga ƙwari. Mutane sun karɓe su hannu bibbiyu. Amma wannan ya auna ra'ayin masu kallo ne kawai.

Wanda ya fi zurfi shi ne na 2015. Shirin SPRING, da kuɗin hukumar USAID ta Amurka, ya haɗa kai da Digital Green, wata ƙungiya da ta fara aiki a Indiya da manoma, suka gwada abin da ake kira bidiyon al'umma a ƙauyuka 20 na jahar Maraɗi. Tsarin ya bambanta da na majigin da. Ba a kawo fim daga Yamai ko Paris ba. An horar da mutanen yankin su riƙe kyamara, aka ɗauki ƴan ƙauyen kansu a matsayin ƴan wasa, cikin gidajensu, da kwanoninsu da butocinsu, da Hausarsu. Finafinai goma aka yi, kan batutuwa irin su wanke hannu da sabulu, shayar da nono zalla har wata shida, da yadda ake ciyar da yaron da aka fara ba abinci. Ana nuna su da ƴar na'urar majigi mai batir ga ƙananan ƙungiyoyin mata da na maza. Mai gabatarwa yakan tsayar da fim ɗin a tsakiya ya yi tambaya, a tattauna, daga baya kuma ya bi mutane gida-gida ya ga ko sun gwada.

An fi sa ido kan abu biyu. Gidajen da ke da wurin wanke hannu na musamman sun tashi daga kusan gida ɗaya cikin bakwai kafin a fara, zuwa fiye da rabi a ƙarshen gwajin. Ba yaro abinci a kwanonsa shi kaɗai, don uwa ta san abin da ya ci maimakon ya yi kokawa da yayyensa a kwano ɗaya, shi ma ya ƙaru har ya kusa game dukkan gidajen da aka tambaya.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da hankali. An kwatanta halin ƙauyukan ne kafin nuni da bayan nuni, kuma wasu amsoshin daga bakin iyaye mata suka fito, mutum kuwa yakan faɗi abin da ya san ana son ji. Sa'an nan ba fim ɗin kaɗai ya yi aikin ba, akwai tattaunawa da ziyarar gida. Duk da haka darasin ya yi daidai da na Alabama da na Göttingen: mutum ya fi yarda da abin da ya ga irinsa yana yi. Matar da ta ga maƙwabciyarta, wadda ta san ba ta fi ta komai ba, ta rataye bidon da sabulu kusa da makewayi, ba za ta ce wannan sai masu hali ba. Shigar da maza cikin kallon ma yana da dalili, tunda a yawancin gidaje miji ne ke fitar da kuɗin sabulu da na cefane, shi ne kuma ke ba da izinin zuwa asibiti.

Abubuwan da suka fi dacewa da bidiyo su ne waɗanda hannu ke yi, waɗanda bayaninsu da baki ke da tsawo amma ganinsu minti ɗaya ne. Awon damtsen yaro don gano tamowa misali ne. Ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun nuna a gundumar Mirya cewa iyaye mata, ko da ba su yi karatu ba, suna iya yin awon nan da ɗan madaurin nan mai launi uku ba tare da sun gaza wakilan lafiya na ƙauye ba: ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, rawaya, tsakanin 115 da 125, yaro na bakin haɗari, kore, lafiya lau. Yadda ake zagaya madaurin, kada a matse kada a saki, ido ne ke koyon sa. Haka maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa wata 59: na ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa a gida, kuma nan ne ake yawan samun saɓani. Haka riƙon jariri a nono, da allurar insulin ga mai ciwon suga, da amfani da abin shaƙa ga mai asma.

Inda ya gaza

A Afirka ta Kudu an yi wani babban gwaji da aka wallafa a 2021, da mata masu ciki kusan 1,500 a lardin Western Cape. Wakilan lafiya na ƙungiyar Philani sun riƙa ziyartar su a gida; rabin wakilan na ɗauke da gajerun bidiyoyi kan shayar da nono zalla, rabi kuma na yin nasiha da baki kamar kullum. A ƙarshe babu wani bambanci a yawan matan da suka shayar da nono zalla. Bidiyon ya ɗauke wa wakilan wani kaso mai yawa na maganar da za su yi, kusan kashi 40 cikin 100 na lokacin, ba tare da sakamako ya lalace ba. Wato bai fi ƙwararren ma'aikaci ba, ya dai rage masa wahala. Duk mai sayar da irin wannan shiri da ya ce bidiyo zai maye gurbin ungozoma ko malamin asibiti, ya faɗi abin da babu shaida a kansa.

Akwai kuma cikas da babu fim ɗin da zai kawar. Idan an koya wa uwa alamun haɗari, ta gane, ta ɗauko yaro, ta tarar babu magani a CSI ko babu kuɗin mota zuwa asibitin gunduma, sanin da ta samu bai cece shi ba. Talabijin ɗin ɗakin jira na buƙatar wuta, ga hayaniyar yara da ke danne murya. A gidaje da yawa wayar da ke nuna bidiyo tana hannun miji, wanda ke yini a kasuwa ko ya tafi cin rani, mai renon yaron kuma tana gida. Batun sirri ma yana nan: bidiyon ƙanjamau ko na tsarin iyali a wayar da mutum biyar ke taɓawa na iya jawo wa mace fitina, kuma abin da za a nuna wa mata su kaɗai ba lalle ne ya yiwu a nuna shi a gaban surukai ba.

Harshe ma ba ƙaramin al'amari ba ne. Fim ɗin da aka fassara a Kano ana gane shi a Tawa da Damagaram, amma sunayen cututtuka da na awo sukan bambanta, kuma kalmomin Ingilishi da suka zauna a bakin ƴan Najeriya baƙi ne ga kunnen mutumin Madawa ko Dakwaro. Idan aka nuna kicin mai tayil da famfo da firji, mai kallo ya riga ya yanke cewa ba da shi ake ba.

Ƙarfin da ke sa bidiyo ya koyar, shi ne kuma ke sa ya ɓatar. A 2020, farkon annobar korona, wasu masu bincike a Kanada sun duba bidiyoyi 69 na Turanci da aka fi kallo a YouTube kan cutar, suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗauke da bayanin ƙarya, kuma an kalle su sau miliyan 62. A wayoyinmu abin ya fi zuwa ta WhatsApp da TikTok da Facebook: mai farar riga da ba a san inda ya yi karatu ba, da mai magani ɗaya da ke warkar da suga da hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya. Su ma sun san sirrin, da Hausa suke magana, kuma sukan kawo wani ya ba da labarin yadda ya warke.

Yadda mai kallo zai tantance

Bidiyon kirki yakan bayyana wanda ya yi shi, ko Ma'aikatar Kiwon Lafiya ce, ko Hukumar Lafiya ta Duniya, ko UNICEF, ko wani asibiti da aka sani, da kuma shekarar da aka yi shi, domin ƙa'idojin magani na sauyawa. Ba ya ƙarewa da lambar wayar da za a kira a sayi wani abu. Ba ya ce wa mai hawan jini ko mai ciwon suga ya ajiye maganin asibiti. Yakan kuma faɗi alamun da idan aka gan su sai a bar komai a tafi asibiti. Wanda aka turo wa bidiyo a kan ciwon da yake fama da shi, abu mafi sauƙi shi ne ya nuna wa ma'aikacin lafiya ko mai farmasi kafin ya sauya komai a maganinsa.

A ɓangaren ma'aikata, hanyar da ta fi tabbatar da cewa kallon bai tafi a banza ba ita ce a sa mai kallo ya maimaita abin da ya gani, da bakinsa ko da hannunsa. Tambayar "kin gane?" ba ta da amfani, kunya kaɗai ta isa ta sa a ce e. Idan fim ɗin kan ruwan gishiri da sukari na gudawa ne, sai a miƙa wa uwar fakiti da mazubi, a ce ta haɗa a gani: lita ɗaya na ruwa mai tsabta ga fakitin lita ɗaya, ba a raba fakitin biyu, ba a ƙara sukari, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo, ƙwayar zinc kuma a ci gaba da ba yaro kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya tun rana ta uku.